Shekarun Mai Doro

Talata, 14 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Lahadi ba. Na faɗa wa Yaya Aníbal sau uku, na faɗa wa matarsa Mirta a waya, na faɗa wa kaina ina wanke-wanke, ya isa haka. Littafin nan ragowar na makaranta ne tun ina koyarwa, na ɗauko shi ne don in riƙa rubuta lokutan maganin Baba.

Baba yana baranda yana kallon gonar dawa. Kurciyoyi sun sauka a kanta kamar an gayyace su biki, shi kuma hannunsa sai laluben gefen kujera yake yi, inda ya saba jingine Mai Doro. Haka yake kiran bindigarsa, saboda tudun da ke bayanta. Tana cikin kabad ɗina a naɗe da bargo, makullin yana wuyana.

"Auta, ina tsohuwar nan?"

"Tana hutawa, Baba."

"Hutun me? Noma ta yi miki?"

Shekarata hamsin da bakwai, har yau Auta nake.

Laraba, 15 ga Maris, da hantsi

Ya ci abinci. Ya sha magani. Ya tambaye ta sau tara.

Alhamis, 16 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya zo, amma a motar Mirta, kuma bai shigo ba. Ya tsaya a wajen ƙyaure yana danna ham kamar mai sayar da burodi. Mutumin da aka haifa a gidan nan! Na fita da ludayi a hannu. Bandejin da ke damtsensa an canza shi, wannan ya fi na ran nan ƙanƙanta.

"Arba'in da ɗaya," ya ce, ko gaisuwa babu.

"Arba'in da ɗayan me?"

"Huji. A ƙofar a-kori-kurata. Mai gyara ya ƙirga, ni ma na ƙirga."

Na ce Allah ya tsare gaba. Ya ce shi ma abin da ya kawo shi ke nan. Ya samo wa Baba wuri a gidan tsofaffi na sistocin coci a birnin Córdoba, akwai lambu, akwai nas dare da rana. Likita za ta zo ranar Talata ta duba shi, sannan ranar huɗu ga wata mai kamawa mu biyun mu sa hannu. Sistocin ba sa karɓar mutum sai duka 'ya'yansa sun yarda.

"Harbi ɗaya ne, Yaya. Kurciya ya bi, ta yi ƙasa-ƙasa."

"Kurciya mai tuƙa mota?"

"Ka zo da sabuwar mota, ka tara gemu kamar ɗan fashi, rana tana dukan idonsa."

"Griselda, ya sake jan kunamar. Ina kwance a kan sitiyari ina kallon yatsansa."

"Da ya sake ja da ba ka nan kana yi mini ihu. Biyar ne a cikinta. Tun muna yara ka taɓa ganin ta ƙi tashi? Shi ya gane ka, ya tsaya don kansa."

Ya tayar da mota. Da ya tafi na ga ashe na lanƙwasa ludayin.

Ba zan sa hannu ba. A ɗakin baya aka haifi Baba, kuma tun da nake ban san ya yi kwana huɗu a jere a wajen gonar nan ba. In aka kai shi inda zai leƙa taga ya ga bango, ba zai kai lokacin sanyi ba. Ina jin tsoro, kuma haushin kowa nake ji.

Asabar, 18 ga Maris, da safe

Na rataya gwangwanaye a bakin gona, na fita da murfin tukunya ina bugawa. Kurciyoyin suka tashi, suka yi kewaye ɗaya don ladabi, suka dawo. Baba ya yi dariya har da tari.

"Malama, aji ya ƙi jin magana?"

Wannan mutum ne za a ce hankalinsa ya tafi? Har ya tuna mini yadda Mama take jera kurciyoyi a kan polenta, tuwonmu na masara, da yadda Yaya ya taɓa fasa haƙori da ƙwayar darma. Ni bai taɓa koya mini harbi ba, fiɗa ce rabona. Amma na san sautinta. Sauran bindigogi tsawa kawai suke yi, ita kuwa bayan tsawar sai ka ji ƙarfe ya ja baya ya dawo, kacau, ta tofar da kwanso ta haɗiye wani da kanta.

Litinin, 20 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Ba zan rubuta abin da na tarar a cikin firij ba. Na ciro, na goge, na mayar masa ƙarƙashin gado kusa da ɗan'uwansa, ɗayan takalmin.

Talata, 21 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Likita ta zo, yarinya ce mai fara'a, sa'ar waɗanda na koyar. Yaya ya biyo ta, ya zauna can kusa da ƙofa, Baba kuwa ya gaishe shi da girmamawa irin ta baƙo. Na ce a raina don bai sa tabarau ba ne.

Ta tambaye shi wace shekara muke ciki. Ya ce shekarar fari. Ba ƙarya ya yi ba. Ta ba shi kalmomi uku ya riƙe, ya mayar mata da ɗaya, ya ƙara mata biyu nasa. Ta ce ya zana agogo, ya zana wani abu, na ɗauke kaina. Sai ta ce, "Don Evaristo, wace shekara aka haife ka?"

"Ki tambayi Mai Doro, 'yata, sa'ata ce. Talatin da takwas. A Beljiyam aka ƙera ta, a nan aka ƙera ni. Tsohona ya yi odarta a kantin tasha watan da na faɗo duniya, ya ce kowa ya zo da abokin tafiyarsa."

Na kusa tafa hannu. Talatin da takwas ɗin daidai ne.

A waje Yaya ya ce, "Kin ji sabon labari ko? Wurin wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya saye ta ina ɗan shekara biyar, Mama ta yi sati ba ta yi masa magana ba. Yanzu har tarihin kansa ƙirƙira yake yi."

"Kai ka tuna abin da ya faru kana shekara biyar, kai da kake manta ranar haihuwar matarka?"

Likita ta ce ba wannan ne muhimmi ba. A wurina shi ne muhimmi. In har labarin gaskiya ne, to Baba ya riƙe abin da ɗansa mai cikakken hankali ya rikita, kuma ba a kai irin wannan mutum wurin sistoci.

Laraba, 22 ga Maris, da azahar

Na zazzage akwatin Mama da gwangwanin takardu. Hotuna, katin baftisma, takardar allurar shanun da suka mutu tun ina budurwa. Babu komai a kan bindiga. Na kira Don Ceferino, mai gyaran bindigogi a garin Jesús María. Sai da na maimaita sunana sau huɗu, kunnensa ya tafi tare da sana'a.

Alhamis, 23 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Maƙwabciyarmu Doña Elvira ta zauna da Baba, ni kuma na sa Mai Doro a bayan tsohuwar motarmu na kama hanya. Duk ramin da na faɗa sai in waiwaya kamar na ɗauko marar lafiya.

Shagon Don Ceferino warin mai da tsohon katako yake yi. Da ya buɗe bargon sai ya cire hularsa.

"Kai, kai, kai. Barka da zuwa, uwar ɗaki. Malama, wannan ai kakata ce. Me ke damunta?"

"Lafiyarta ƙalau. Shekarunta nake so in sani."

"Ana tambayar mace shekarunta?"

"Ni mace ce, na yarda a tambaya."

Ya ce irin waɗannan ba a fuska suke rubuta shekarunsu ba. Akwai lamba a ƙarƙashin cikinta, akwai kuma ƙananan tambura a gindin bututun, can inda katako ya rufe, waɗanda masu gwajin bindiga na can ƙasar suke bugawa. Cikinsu akwai ɗan harafi guda da ke nuna shekara. Sai ya kwance ta, ya wanke dattin shekara da shekaru, ya duba da gilashi, sannan ya gwada da wani littafinsa da ya yi baƙi don tsufa. Kuma dole lambar bututu ta yi daidai da ta jiki, don mutane suna sauya bututu kamar yadda suke sauya taya.

"In bar ta ke nan?"

"Ki bar ta. Ba zan nemi aurenta ba, na tsufa."

Na dawo da bargo babu komai a ciki. Doña Elvira ta ce Baba ya yi mata hira mai daɗi, sai dai ya tambaye ta lafiyar mijinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne shi. Na ce mata barkwanci ne.

Asabar, 25 ga Maris, da hantsi

Ya ci abinci. Ya sha magani. Dawa ta kusa zama kara zalla.

Lahadi, 26 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Ba wanda ya zo gashin naman da muka saba yi kowace Lahadi. Sati biyu ke nan. Baba ya sa farar rigarsa, ya hura gawayi da kansa, ya zauna yana jira. Na gasa mana tsiran alade biyu, muka ci shiru. Da wata mota ta wuce a titi sai na ga ya miƙe, hannunsa ya tafi gefen kujera.

Ba komai. Kowa yana miƙewa in ya ji mota.

Talata, 28 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Talatin da takwas!

Don Ceferino ya kira yana ihu kamar ni ce kurmar. Lambar ta faɗa cikin shekarar, ɗan harafin ma haka, bututu da jiki kuwa tare suka fito, ba a taɓa raba su ba. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, sannan na tashi na sumbaci Baba a sanƙo.

"Me na ci?" ya ce.

"Gaskiya ka ci, Baba."

Na kira Yaya nan take. "Ina mai jirgin ƙasan naka? Talatin da takwas, in ji wanda ya san aikin. Sai ka nemi wanda za ka kai wa sistoci, wataƙila kai za su karɓa."

Ya ce, "Ko a talatin da takwas aka ƙera ta, ai ana iya sayenta a sittin da biyar. Amma bar wannan. Na ji, Baba ya yi gaskiya. To sai me, Auta?"

Na kashe wayar. Na tsani ya kira ni Auta da wannan muryar.

Don Ceferino ya ce shi zai kawo ta da kansa ranar Asabar. Yana so ya gaisa da Don Evaristo, yana so kuma ya ji muryarta a fili. Ya ce in ajiye masa kwalin harsashin da ake ɗura mata, akwai abin da yake son gani.

Alhamis, 30 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na ɗauko kwalin. Ni na sayo shi a watan jiya. Da can wani abokin Baba ne yake cika masa harsasai da hannu, yana kawo su a gwangwanin biskit. Da ya rasu Baba ya yi ta lallaɓa ragowar har suka ƙare. Na je kanti na ce a ba ni na lamba goma sha shida, aka ba ni. Ranar Lahadin da abin ya faru aka fara buɗe kwalin.

Akwai wani abu a aljihun rigar girkina tun ranar. Jan kwanso ne. Lokacin da na karɓe ta daga hannun Baba, ba a ƙasa na tsince shi ba. A gefen bindigar yake, rabi a ciki rabi a waje, sai da na sa farce na fizge shi. Ban faɗa wa kowa ba, don ban ga abin faɗa ba. Ni ban san harkar bindiga ba.

Juma'a, 31 ga Maris, da yamma

Ban san harkar bindiga ba.

Asabar, 1 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta wannan yadda ya faru, daga farko zuwa ƙarshe, ko da hannuna zai ƙi.

Don Ceferino ya iso da hantsi, da bindigar a cikin jaka da wani ɗan kwali a aljihu. Baba bai san shi ba, ko ya manta, amma da ya ga abin da ya fito daga jakar sai ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba. Na zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayinmu na mate, ya zagaya sau biyu, tsofaffin nan ko kallona ba su yi. Don Ceferino ya kwance katakon gaba yana nuna masa tamburan. Baba ya ture gilashin.

"Wa ya juya mata zobe?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, wajen wanki."

"Ka sa shi na harsashi mai nauyi. Kurciya za mu harba ko jimina?"

Ya zare sifirin, ya ciro zoben tagulla da ɗan'uwansa na ƙarfe, ya mayar da kowanne inda yake so, ko duba hannunsa bai yi ba. Don Ceferino ya juyo ya kashe mini ido. Zuciyata ta yi fari tas. Na ce ina ma Yaya yana nan, ina ma likita tana nan.

Muka fita bakin gona. Don Ceferino ya ɗura biyar daga ɗan kwalinsa, ya harba sama a jere. Kacau, kacau, har biyar, kwansuna suna tsalle a ciyawa. Gonar gaba ɗaya ta tashi sama, rana ta dushe don yawan fukafukai. Sai Baba ya miƙa hannu. Don Ceferino ya dube ni. Na san bai kamata ba. Na ɗaga masa yatsu biyu, harsashi biyu kawai, na koma bayan Baba na tsaya har ina jin warin sabulun wuyansa.

Mutumin da cokali yake gagara ya ɗora ta a kafaɗa kamar an gwada shi aka ƙera ta. Ya bar garken ya wuce, ya jira wasu biyu da suka ware. Harbi biyu. Duka biyun suka faɗo a kan hanya, kusa da juna.

"Auta, ɗora ruwan polenta!"

Na yi guɗa, ni da ban taɓa yi ba. Na karɓi bindigar, na zaunar da shi a kujerar da na fito da ita, ina dariya ina share ido.

Daga nan Don Ceferino ya ce in kawo kwalina. Ya juya shi, ya sa babban yatsa a ƙarƙashin wata lamba. Saba'in, tsawon harsashin ke nan. Sannan ya nuna mini wani tambari a gindin bututun, lamba sha shida, tsawo sittin da biyar.

"Kin gani, Malama? Shekarunta ke nan suka yi magana. Waɗanda aka ƙera kafin babban yaƙi gajeren harsashi suke ci, irin wanda na zo da shi. Naki na zamani ne, ya fi tsawo da ɗan kaɗan, bai kai faɗin farce ba. Zai shiga, zai tashi. Amma in kwanson ya buɗe baki, ƙofar fita ta yi masa kaɗan. Tsaya ki gani."

Ya ɗura uku daga nawa. Ya harba. Tsawa ta tashi, amma kacau ɗin bai cika ba. Ya ja kunama, shiru. Ya sake ja, shiru. Ya juyo mini da gefenta. Jan kwanso, rabi a ciki rabi a waje.

Sai na ji dariyar Baba daga kujera.

"Yauwa! Haka ta yi mini ran nan! Na ja, na ja, ta ƙi. Yarinyar nan ce ta sayo mini harsashin banza. Da ɓarawon nan mai farar mota bai kai labari gida ba."

Don Ceferino ya sunkuyar da kai yana ciro kwanson. Ashe labarin ya kai Jesús María, shi ya sa ya zo da kansa.

Na durƙusa a gaban kujerar. "Baba, Aníbal ne. Ɗanka ne."

Ya dube ni da tausayi, kamar ni ce ba ni da lafiya. "Aníbal kuma? Aníbal yana makaranta. Ke dai je ki fige tsuntsayen nan kafin tururuwa su riga ki."

Na fige su. Na dafa polenta. Don Ceferino ya ci loma biyu don kunya, Baba ya cinye nasa har da ƙari. Da baƙon zai tafi na miƙa masa jakar na ce ya riƙe ta a shagonsa. Bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Ya ce, "Malama, da na san wanda ya sayar miki da kwalin nan, da na saya masa giya."

Lahadi, 2 ga Afrilu, da hantsi

Doña Elvira ta kawo mana reshen zaitun daga coci. Ban je ba. Da wace fuska?

Sati uku ina faɗa wa kowa cewa shi ya tsaya don kansa. Na faɗa har na yarda. Ina da yaya a raye yau saboda ban iya sayen harsashi ba, kuma na yi kwana ashirin ina zaginsa.

Litinin, 3 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Na ɗauki waya sau biyar na ajiye. Ba wanda ya ji sai Don Ceferino, shi kuma ba zai faɗa ba. Bindiga ta bar gidan. In na yi shiru gobe na ƙi sa hannu, Baba zai zauna a barandarsa.

Amma ɗazu na shiga rumfar kayan aiki neman igiya. Adda tana nan, gatari yana nan, cokalin tara ciyawa yana nan. Na tsaya ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Jikokin Yaya suna son zuwa hutun Ista, babban cikinsu ya yi tsawo, muryarsa ta fashe. Ba zan iya kulle gona gaba ɗaya a kabad ba.

Talata, 4 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Na sami Yaya a wajen ƙyaure, na ajiye masa jan kwanson a tafin hannu, na faɗa masa duka. Na ɗauka zai ce ai ya faɗa mini. Da ya ce haka da na ji sauƙi, da na samu abin faɗa.

Ya daɗe yana juya kwanson. Sannan ya ce, "Ke dai ba ki taɓa iya cefane ba. Ko takalmin da kika sayo mini na aure bai shige ni ba." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya kifa kansa a kan rufin motar. Ban taɓa ganin bayan Yaya yana rawa haka ba, ko ranar da Mama ta rasu.

"Ya ce ina makaranta?"

"Haka ya ce."

"Aji nawa?"

"Bai faɗa ba, Yaya."

Na sa hannu a kan bonet. Biron ya ƙi rubutu sai da na hura masa iska.

Alhamis, 6 ga Afrilu, da safe

Sistoci sun ce a rubuta sunan Baba a kowace riga. Ina ɗinkawa, yana tambayata ko tafiya zan yi.

Asabar, 8 ga Afrilu, da azahar

Ya ci abinci. Ya sha magani. Bai tambaye ta ba yau, ko sau ɗaya.

Talata, 11 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na ce wa Baba asibiti za mu je a duba masa ido. Ya sa farar riga, ya taje gashin da ya rage, ya ce in tsaya ya ga gonar tukuna. Babu abin gani, amma na tsaya.

Mun shirya ni zan tuƙa shi a tsohuwar mota, Yaya ya biyo mu a baya da akwati. Ya aske gemun jiya, na lura. Shi ya buɗe mana ƙyaure, ya tsaya yana riƙe da shi. Da muka zo daidai da shi Baba ya sauke gilashi.

"Bawan Allah, sannu da aiki."

"Yauwa, sannu."

"Don Allah in mun fita kada ka rufe. Yarona zai dawo daga makaranta, hannunsa ba ya kaiwa ga sakata. Ranar nan sai da ya yi ta kuka a waje."

Yaya ya cire hularsa.

"To, Don Evaristo. Zan bar masa a buɗe."

"Allah ya yi maka albarka. Yaron kirki ne, za ka gan shi."

Na ja motar. A madubi na ga Yaya ya ɗauko dutse ya tokare ƙyauren. Sai da muka kusa kwalta sannan ya taho.